Kifin Haɗeja da Nguru: Yadda Mutanen Fadama Suka Yi Gayya Suka Buɗe wa Ruwa Hanya

 Muna godiya ga Allah da ya nuna mana zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu, muna kuma roƙonsa ya jiƙan waɗanda suka assasa ta suka riga mu gidan gaskiya.

An saba a irin wannan fitowa ta musamman a waiwayi tarihin wata hanya ko wata kasuwa da muke cin abinci daga gare ta. Bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani ruwa, wato fadamar Haɗeja da tafkin Nguru. Dalili kuwa shi ne da yawa daga cikinmu kifi ne jarinsu. Akwai masu kai banda kasuwar Haɗeja, akwai masu sarowa daga Nguru da Gashuwa su biyo ta Gumel da Maigatari su shigo Dungas har Damagaram, akwai kuma masu hayewa ta Gaidam zuwa Maine. Mun san kuɗin mota, mun san na duwan, mun san yadda naira take da sefa a kowace safiya. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san wahalar da aka sha kafin kifin ya shiga kwali. Shekaru da dama ke nan mutanen ƙauyukan wannan fadama suna shiga ruwa da lauje suna yanke ciyawar da ta nemi kashe musu kogi. Labarinsu ne muka kawo, da yadda abin ya faro, da kuma inda hannunmu yake a ciki.

Yadda ruwan yake tun asali

Koguna biyu ne suke shayar da wannan fadama. Na farko shi ne kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da kogin Calawa. Na biyu kogin Jama'are, mai gangarowa daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauci. Da sun iso ƙasar Haɗeja sai su tarar da shimfiɗaɗɗen wuri mai tsofaffin tuddan rairayi a jere, ruwa ya rasa gangare, ya rarrabu rassa-rassa. Kogin Haɗeja shi kaɗai ya fitar da reshen Kafin Hausa, da tsohon kogin Haɗeja, da Burum Gana, waɗanda duk gabas suke nufa su taras da ruwan Jama'are. Sai kuma Marma, wadda ta yi arewa ta zube a tafkin Nguru. A riƙe wannan da kyau, domin nan ne labarin zai juya: ruwan da ya shiga Marma ba ya komowa kogi.

Abin da ya tsira daga fadama shi yake taruwa wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, wanda muka fi sani da Komadugu. Ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, ya bi ta gefen Difa, ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Ke nan ruwan da manomin tattasai yake ja da inji a Difa, a Jos da Bauci da Kano aka yi samansa.

A da, shekara kashi biyu ce a wannan ruwa. Idan damina ta kankama, koguna su cika su tumbatsa, ruwa ya malale fadama a watannin Agusta da Satumba. Daidai lokacin ne kifi yake barin kwarin kogi ya bi sabon ruwa cikin ciyawa ya zuba ƙwai. Ƴaƴan suna samun abinci a yalwace, saboda kashin shanun da suka yi kiwo a wurin da rani ya riga ya zama taki, ga burugu da bado suna ɓoye su daga manyan kifaye da tsuntsaye. Da ruwa ya fara ja bayan kaka, kifi ya yi ƙiba, sai ya nemi komawa kogi da tafkuna masu zurfi. Nan masunta suke samun babban kamu: tarwaɗa, karfasa, kurungu, kawara, bargi, yauni, har da giwan ruwa a wurare masu zurfi. Idan rani ya yi nisa, rassan kogin da yawa sukan ƙafe ƙaf, rana ta gasa ƙasan, dabbobi su tattake, duk ciyawar ruwa ta mutu. Wannan bushewar ita ce sharar da kogi yake yi wa kansa kowace shekara.

Mutanen wurin, Badawa da Mangawa da Barebari da Hausawa da Fulani, sun tsara rayuwarsu a kan wannan juyi. Manomi ya shuka shinkafa kafin ruwa ya zo, ya bi danshi da wake bayan ya ja. Makiyayi ya shigo bayan an kwashe amfani. Tafkunan da suke riƙe ruwa har rani kuwa suna hannun sarkin ruwa da bulama. Su suke rufe tafki, su hana kowa jefa birgi, sai ranar da aka sa, gari duka ya fito da homa da gora a yi su tare. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, gyauron wannan tsari ne.

Kasuwa ta buɗe sosai bayan da layin dogo ya iso Nguru a 1930. Kakanninmu na Damagaram da Gure suka riƙa kora shanu da raƙuma ɗauke da fatu da ƙaro zuwa can, jirgi yana kwasar kaya zuwa Kano da kudu. Busasshen kifi da banda suka bi sahu. Tun daga wancan zamani hanyar Nguru ta shiga cikin hanyoyin da muka gada.

Fari da madatsun ruwa

Abubuwa biyu suka haɗu suka sauya wannan tsari, ɗaya daga Allah, ɗaya daga hannun mutum. Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, babu gidan da bai ji su ba a ƙasashen nan namu. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rabu biyu a 1973, ɓangaren arewa da ke wajenmu ya riƙa ƙafewa, har masuntan Ngigmi suka koma bin ruwa zuwa nesa.

Cikin wannan hali aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Calawa kusa da Ƙaraye, aka kuma yi wani shingen ruwa wajen Auyo domin noman rani. Tiga da Calawa su biyu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan kogin Haɗeja. An fara wata madatsar a Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, amma aikin ya tsaya, mutanen Yobe da Borno kuwa sun daɗe suna adawa da ita, don sun san Jama'are ne ya rage musu.

Gaskiya ɗaya ce, waɗannan madatsu sun yi amfani. Da su birnin Kano yake sha, da su ake noman Kadawa da Kura, kuma tumatir da shinkafar can mu ma muna sararsu. Sai dai an gina su ana duban sama, ba a dubi na ƙasa ba. A ƙarshen shekarun 1960 ruwa yakan malale fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadama. A farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a lokacin sun gano cewa ruwa ya fi kawo riba idan aka bar shi ya malale fadama, aka haɗa kifi da shinkafa da kiwo da itace, a kan idan aka tsare shi domin noman rani a sama. Gwamnatocin Nijar da Najeriya ma sun san da matsalar, shi ya sa suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Komadugu.

Madatsa ta yi wa kogin abu biyu. Ta rage ƙarfin ambaliyar damina, wadda take wanke yashi da laka daga kwarin kogi. Ta kuma riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani domin masu noma da masu sha. Da farko mutane sun yi murna da ganin ruwa a watan Maris a inda da ƙura ce take tashi. Ba a san baƙon da yake tafe a bayansa ba.

Zuwan kacalla

Kacalla, wadda wasu suke kira geranya, ba sabuwar ciyawa ba ce. Da ma akwai ta jefi-jefi a bakin tafkuna, ana yanka a yi asabari da jinka. Abin da ya hana ta yaɗuwa shi ne bushewar rani. Tana son ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, kuma irinsa madatsun suka samar mata. Tana yaɗuwa ta hanya biyu: ta saiwa da take rarrafe a ƙarƙashin laka tana tsiro gaba-gaba, da ta kan nan nata mai kama da zangarniyar gero, wanda idan ya fashe iska take kwashe irin kamar audugar rimi. Tsawonta ya fi na mutum nesa, ga kauri, kwalekwale ba ya ratsa ta.

Daga shekarun 1990 ta fara cin rassan kogi. Inda ta tsaya ruwa yakan rage gudu, laka ta kwanta, kwarin ya cike, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Da haka bakin reshen Kafin Hausa ya toshe, tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka shaƙe. Ruwa kuwa ba ya tsayawa jiran kowa. Da ya rasa hanyar gabas sai mafi yawansa ya karkata Marma ya nufi Nguru.

Sakamakon ya zo iri biyu masu kishiyantar juna. Ƙauyukan Marma da kewayen tafkin Nguru da ƙasar Guri ruwa ya yi musu yawa. Gonakin da ake shukawa bayan ja da bayan ruwa suka zauna a nutse shekara da shekaru, kacalla ta hau kansu. Hanyar mota tsakanin Haɗeja da Nguru ta lalace, duk direban da ya bi ta a waɗannan shekaru yana da labari. Can gabas kuma, masu jiran ruwa ta Burum Gana suka ga fadamarsu ta bushe, kogin Haɗeja ya kusa daina kai komai Gashuwa. Komadugun da yake isowa Difa ya zama kusan ruwan Jama'are ne kaɗai.

Wani zai ce ai inda ruwa ya yi yawa kifi zai yi yawa. Ba haka abin ya kasance ba. Cikin duhun kacalla rana ba ta kai wa ruwa, ganye yana ruɓewa, iskar da kifi yake shaƙa ta yi ƙaranci. Burugu da bado suka ɓace. Hanyoyin da kifi yake bi daga kogi zuwa wurin zuba ƙwai suka rufe. Tarwaɗa da gaiwa, masu iya leƙowa su shaƙi iskar sama, su suka fi jurewa, manyan kifayen da suke son buɗaɗɗen ruwa kuwa suka yi wuyar gani. Wanda ma yake ciki, babu inda za a shimfiɗa kalli ko a jefa birgi a kamo shi. Bayan wannan ga sauro, ga tsargiya, ga janbaki da ya samu maɓoya a cikinta yana fitowa ya cinye gero da shinkafa. Magidanta da yawa suka jingine kwalekwale suka tafi cirani.

Gayyar buɗe kogi

Ba a rasa masu kula daga waje ba. A 1987 aka kafa wani shirin kare fadamar mai ofis a Nguru, da hannun ƙungiyoyin kare muhalli na Najeriya da na Turai, domin tsuntsayen da suke zuwa daga Turai da hunturu nan suke sauka. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma, hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko da Najeriya ta shigar. Amma takarda ba ta yanke ciyawa.

Abin da ya kawo sauyi shi ne zaman da mutanen wurin suka fara yi da juna a farkon shekarun 2000, da tallafin wani shiri da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa. Kafin nan kowane gari ta kansa yake yi. Wanda ruwa ya ci ya yi jinga ya tura wa maƙwabci, wanda ya rasa ya haƙa rafi ya janyo na wani, har abin yakan kai ga faɗa. Manomi yana zargin makiyayi, makiyayi yana zargin masunci. Da aka tara masunta da manoma da Fulani da sarakunan ruwa da hakimai, daga ƙasar Haɗeja da Guri da Kirikasamma har Nguru da Bade, aka zana musu kogin tun daga sama har ƙasa, sai suka ga abin da ya ɓoye musu. Mai kukan ambaliya a Marma da mai kukan ƙishirwa a gabas ciwonsu ɗaya ne, kuma maganinsu ɗaya: a buɗe hanyoyin da suka toshe, musamman Burum Gana, a rage wa Marma kaya.

Babu kuɗin hayar manyan injuna, saboda haka aka koma ga abin da aka gada, wato gayya. Kowane ƙauye ya ɗauki yankin kogin da ke gabansa, aka sa ranaku, ƙananan hukumomi da masu tallafi suka taimaka da kayan aiki da abinci. Aikin yana da ƙa'idarsa. Kacalla ba a sare ta a sama, domin in an yi haka kwana kaɗan ta sake tofowa. Ƙona ta ma ba ya kashe saiwar. Sai an shiga ruwa an sunkuya an yanke ta a ƙarƙashin ruwa da lauje ko adda, yadda ruwa zai rufe kututturen. Ta cikin ganyenta take kai wa saiwa iska, in aka nutsar da wurin yankan sai saiwar ta shaƙe. Ko da haka sai an maimaita sau biyu ko uku kafin ta saduda. Abin da aka yanka kuma dole a jawo shi tudu ya bushe, in an bar shi a ruwa ya ruɓe ya ƙara toshe hanya. Bayan yanka sai yasa: a kwashe lakar da ta taru da shebur da kwando, a gyara gaɓa da buhunan ƙasa.

A nan tsofaffin masunta suka yi ranar da babu injiniyan da zai yi. Wurin duk ya zama kurmi ɗaya, ba a gane inda kogi yake da inda gona take. Su ne suke shiga gaba da gora suna tokara ƙasa, su nuna inda tsohon kwarin ya bi tun suna yara, matasa su bi bayansu da lauje. Mutum yakan yini cikin ruwa iya ƙirji, matsattsaku na manne masa, ganyen yana yanka hannu, ga tsoron maciji. Mata suna tudu suna dafa abinci suna kai ruwan sha. Wasu daga cikin ƴan ƙungiyar nan da suke zuwa saye bakin ruwa sun ga wannan da idonsu.

Ƙoƙarin talakawa ya sa manya suka motsa. A 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu zamanin Shugaba Obasanjo, jihohi shida da kogin ya shafa, wato Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato, suka amince da tsarin kula da ruwan tare, aka kafa asusun kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe mai mazauni a Damaturu. Yasar hanyoyin ruwa tana cikin ayyukan da asusun ya sa kuɗi a kai.

Abin da aka samu da abin da ya rage

Inda aka buɗe, an ga bambanci. Ruwa ya sake bin Burum Gana zuwa garuruwan da suka yi shekaru ba su gan shi ba. Wasu gonakin da suka nutse suka fito aka koma nomansu. Kwalekwale ya samu hanya, kifi ya samu mashiga da mafita, masunta suka sake shimfiɗa kalli a wuraren da suka fid da rai.

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki, kacalla ba ta ƙare ba. Muddin ana sakin ruwa duk rani ba tare da an bar kogi ya bushe na ɗan lokaci ba, kuma ba a sako ambaliya mai ƙarfi da damina ta wanke kwari ba, to abin da ya kawo ta yana nan. Duk inda aka yi sakaci shekara biyu sai ta dawo. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna haka, lokacin da mutanen Haɗeja suka kwana suna cika buhuna suna tare ruwa daga shiga gari. A ƴan shekarun nan gwamnatin Jigawa ta kawo motocin yasa masu shiga ruwa, kuma sun rage wahala a manyan hanyoyi. Sai dai mota tana buɗe babban kwari ne ta wuce. Ƙananan rafukan da suke kai kifi cikin fadama, da bibiyar tofon da yake biyo baya, har gobe aikin hannu ne, aikin mutanen gari.

Ba su kaɗai ne da wannan jarrabawa ba. A kogin Sanagal ma, bayan gina madatsar Diyama a 1986, kacalla ta mamaye bakin ruwa, har mutanen Sanagal da Muritaniya suka koyi mayar da ita gawayi. Mu ma nan gida ba baƙuwa ba ce, duk mai bin hanyar Gure ya ga yadda take a Gidimuni, kuma jami'an gandun daji sukan shirya yankanta a tafkunanmu kafin a zuba ƴaƴan kifi. Abin da Haɗeja da Nguru suka koya zai yi mana amfani tun kafin namu ya kai nasu.

Inda hannunmu yake

Ba mu manta 2015 ba. A watan Janairu aka tarwatsa Baga, a Fabrairu aka kai hari Boso da Difa, aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana kamun kifi da cinikinsa a yankin tafki, ba a ɗage ba sai 2019. Da yawa daga cikinmu jarinsu ya karye a wannan tsakani. Waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu, kasuwar Haɗeja ce ta karɓe su, da kifin fadamar nan da muke magana. Aka zo aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan Yulin 2023 har Maris na 2024. Duk wannan ya koya mana cewa mai dogaro da ruwa ɗaya yana cikin haɗari. Da masu lauje ba su buɗe kogin nan ba, da ranar da Cadi ya rufe mana ba mu da wurin juyawa.

To mu me muka saka musu da shi? In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani lokaci mu ne muke rushe abin da suka gina. Mu muke sayen ƴaƴan kifin da ba su kai yatsa ba, mu auna a tiya, alhali da an bar su wata uku da sun cika kwali. Mu muke kai musu raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro. Mu muke ba masunci bashi kafin damina, mu matsa masa lamba a daidai lokacin da kifi yake ɗauke da ƙwai, shi kuma don ya fita kunyarmu ya kafa dumba ya tare rafi daga gaɓa zuwa gaɓa, babba da yaro babu mai wucewa. Akwai kuma masu fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa a hanya, su kai wa mutane su ci. Sarkin ruwa zai iya rufe tafki, amma in mai saye yana tsaye a gaɓa da kuɗi a hannu cikin dare, dokarsa ba za ta yi ƙarko ba.

Saboda haka muna miƙa wa babban taro shawarwari huɗu, iyayenmu su duba. Na ɗaya, a ware wani abu kaɗan a kan kowane kwalin kifi da ya bi ta hannun ƙungiya, a tara, duk shekara a kai wa garuruwan da muke saye a wurinsu lauje da shebur da takalman ruwa da buhunan hatsi a lokacin gayya, a damƙa a hannun sarakunan ruwa a gaban jama'a, a kuma rubuta a littafin ƙungiya. Na biyu, mu yi alkawari tsakaninmu cewa ɗan ƙungiya ba zai sayi ƴaƴan kifi ba, ba zai kuma yi fataucin raga mai ƙananan ido ba, wanda ya saɓa a ci shi tara kamar yadda ake yi a sauran laifuffuka. Na uku, mai ba da bashi ya sa lokacin biya bayan ruwa ya fara ja. Na huɗu, duk sanda shugabanninmu suka samu zama da hukumomi, ko na hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da ke Yamai, ko na hukumar tafkin Cadi da ƙasashenmu suka kafa tun 1964, bayan maganar shingaye da kuɗin hanya su ƙara da maganar ruwan Komadugu da yadda ake sakinsa daga sama.

Mun san kasuwa ta yi nauyi, kowa yana lissafin abin da zai kai gida. Amma dala biyar ko goma a kan kwali ba za ta karya kowa ba, kogin da ya toshe kuwa zai karya mu gaba ɗaya. Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya sun yi ta ne don sun ga fatake ɗaya ba ya iya wa hanya shi kaɗai. Mutanen Marma da na Burum Gana su ma abin da suka gano ke nan game da kogi. Idan lokacin gayya ya zo bana, muna fata a ga buhun ƙungiyarmu a bakin ruwa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa shugabanninmu lafiya da haƙuri, ya saka wa masu shiga ruwa da alheri. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya tsare mana hanya, ya maimaita mana. Amin.